Zuwa ga Edita: Babur ɗin tsere mai batirin cire-ka-saka, wuyar tana bakin haɗi ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka. Don Allah a ɗan sam min fili, wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Ni sana'ata haɗa sola da inbata, amma kafin nan na yi shekaru ina yaron bakaniken mashin, don haka duk inda aka haɗa babur da batir a magana ɗaya to an taɓo ni ta gefe biyu. A majalisarmu ne bayan isha'i musu ya kaure kan baburan lantarki, wani ƙanenmu ɗan makaranta yace shi fa idan ya samu jari babur ɗin tsere zai ƙera wanda ba ya shan mai, aka ce masa to caji fa, tsere ai ba ya jiran caji, sai yace yo wannan ai ba matsala ba ce, batirin za a yi kamar na tocila, in ya ƙare a zare a zura wani a wuce. Kowa ya gyaɗa kai wai an gama magana. Ni kam dariya na yi, ba don raini ba wallahi, sai don nima na taɓa faɗin haka da bakina kuma na ɗanɗana kuɗata.

Abin da yaron nan yake mafarki an taɓa yin sa, kuma labarin ya cancanci a ji shi. Akwai wani tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan, Isle of Man, tun 1907 ake tseren babur a can, kuma ba a cikin fili ake yi ba, titin gari ake rufewa, a ratsa ƙauyuka a wuce ta gefen katangun mutane a hau dutse a sauko, zagaye ɗaya mil 37.73 wato kilomita 60 da ɗoriya, lanƙwasar hanya sama da 200. A 2009 aka fara saka baburan lantarki a wannan hanya, Rob Barber ya ci a kan babur ɗin kamfanin Agni da matsakaicin gudun mil 87 a awa. A wannan shekarar akwai wani Ba'amurke mai suna Michael Czysz daga garin Portland, ya zo da babur ɗinsa da ya kashe wa kuɗi da ƙwaƙwalwa, babur ɗin bai ma kai ƙarshen zagayen ba ya mutu a hanya. Wani da sai yace shi kenan ba rabo, shi kuwa ya koma gida ya sake lale.

Wanda ya dawo da shi a 2010, E1pc, shi ne ainihin abin da nake son mai karatu ya kalla da idon zuci. Inda aka saba ganin inji da salansa babu su, sai akwatunan batir guda 10 jere a haƙarƙarin babur ɗin hagu da dama, kowanne nauyinsa ya kusa kilo 9, kuma kowanne yana da gurbinsa da yake zama, ka tura shi ya kama ka zaro shi ya fito, ba sai ka kwance waya ko ka nemi sifana ba. Injin lantarkin kuma da mai ake sanyaya shi. Da wannan babur Mark Miller ya ci tseren na 2010, wanda a shekarar aka raɗa masa suna TT Zero, da gudun mil 96.8 a awa. Gwamnatin tsibirin ta saka fam 10,000 ga duk wanda ya fara cika mil 100 a awa da lantarki, a 2011 wani ɗan tsere Michael Rutter ya hau na Czysz ya yi 99.6, kai jama'a, ka ji inda ake cewa saura ƙiris, sai a 2012 ya yi 104 ya kwashi kuɗin. Shekara huɗu a jere suna ci har 2013, kafin 'yan kamfanin Mugen na Japan su karɓe fagen daga 2014. Shi Czysz ɗin ya rasu a 2016, ciwon daji ne ya yi ajalinsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan batirin cire-ka-saka da aka yi wa babur ɗin, a cikin tseren ba a tsayawa a canza shi, don a lokacin zagaye ɗaya tak ake yi, a tashi a dawo shi kenan. Masu fetur kuwa babban tserensu zagaye shida ne, suna tsayawa a ɗura musu mai a canza taya su ƙara gaba. Dalilin a lissafi yake kuma lissafin ba wuya. Akwatunan nan goma gaba ɗaya, kusan kilo 88, ƙarfin da suke riƙewa kilowat-awa 12.5 ne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da wajen kilowat-awa 9. Wato duk wannan lodin da ya fi buhun siminti ɗaya da rabi nauyi bai kai lita ɗaya da rabi ba. Abin da ya cece shi kawai shi ne injin lantarki ba ya almubazzaranci, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ka ba shi yana kai wa taya, shi kuwa na fetur mafi yawa a zafi da hayaƙi yake tafiya, abin da ke zama tafiya da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin uku. Ko da hakan, tazarar tana da yawa. Mafi gudun da lantarki ya yi a wannan hanya shi ne mil 121.9 a 2019, Rutter ɗin dai a kan Mugen, daga nan aka dakatar da tseren na lantarki, shi kuwa Peter Hickman a 2023 da fetur ya yi 136 da 'yan kai.

Za ka ce to ai shi ya sa ake son canza batir, a yi zagaye ɗaya a zare a saka sabo. Haka ne a baki. Bari in ba ka nawa labarin.

Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuciya ta ɗebe ni nace ni da nake da sana'ar batir a hannu me zai sa in dinga bin layin gidan mai. Na samu wani tsohon mashin da injinsa ya buga, na sauke injin, na sayi injin lantarki na cikin taya, na zauna dare da rana ina tsintar ƙwayoyin batir daga tsofaffin batiran kwamfuta, irin dogayen nan da ake kira 18650, ina gwada su ɗaya bayan ɗaya ina ware masu rai. Na haɗa akwati biyu, na kai wa mai walda ya yi min gurbi kamar durowa, dabarata ita ce ɗaya yana kan sola a shago ɗaya yana kan mashin, in wannan ya ƙare in musanya. Sati biyu ina yawo ina ƙafafa, yara suna bina suna cewa mashin ɗin aljanu don ba ya ƙara. Ranar da abin zai faru, na faɗa wani rami ne a kan hanyar gida, ba wani babba ba, irin wanda kullum muke faɗawa, na ji mashin ya ɗan yi shiru ya dawo, ban kawo komai ba na ci gaba da murɗa totur, can sai warin roba ya bugi hancina. Da na tsaya na zaro durowar, bakin haɗin, wato inda batirin ke jonuwa da mashin, ya narke ya zama kamar cingam ɗin da aka tauna aka yar, tagullar ta yi baƙi ƙirin, robar tana ɗiga a kan takalmina. Batirin lafiyarsa lau, injin lafiyarsa lau, wayoyin ma ko ɗumi ba su yi sosai ba. Wuri ɗaya ne ya ci amanata, inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe, kuma laifina ne, don na kashe wata guda a kan ƙwayoyin batir amma bakin haɗin a minti biyar na tsinto shi a cikin kwalin tarkace.

Duk mai haɗa inbata ya san wannan. Ka je gidan da aka kira ka ana cewa batir ya lalace, ka duba ka tarar noti ɗaya ne bai ɗauru ba, kan batirin ya yi zafi har ya canza kala. Wuta mai yawa in ta bi ta wurin da bai kamu da kyau ba, zafi take haifarwa, kuma zafin ba a hankali yake ƙaruwa ba, in ka ninka wutar sau biyu zafin sau huɗu yake ninkuwa. Yanzu ɗauki babur ɗin tsere mai ƙarfin doki 100, wato wajen kilowat 75, ko a kan bolt 500 ne, wutar da ke bi ta wayarsa ta kai amfiya 150. In bakin haɗin ya ɗan saki har turjiyarsa ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda wuri ke turje wa wuta), abin da ido ba zai gani ba, to wat 225 na zafi ne zai taru a wuri kamar kan ɗan yatsa. A batirin da aka ɗaure da noti aka rufe, sau ɗaya za ka yi wannan haɗin ka yi shi da kyau ka manta. A na cire-ka-saka kuwa so kake haɗin ya kamu gam kamar an yi masa walda yayin da babur ke tsalle yana girgiza a gudun kilomita 200, sannan kuma ya saki cikin sakan biyu in an ja shi da hannu ɗaya, kuma ya yi hakan sau ɗaruruwa bai gaji ba. Abu biyu ne da ba sa ga maciji da juna ake son a zaunar a ɗaki ɗaya. A babur ɗin Czysz kuma ba wuri ɗaya ba ne, wuri goma ne, shi ya sa nake cire masa hula.

Ba a nan ta tsaya ba. Wutar batir ba irin ta NEPA ba ce mai zuwa tana komawa, ita miƙe take, in ka raba haɗi tana cikin gudu tartsatsin ba ya mutuwa da kansa, ja yake yi kamar na mai walda. Mu da muke wasa da bolt 48 mun san yadda yake tsorata mutum, ina ga 400 ko 500, wannan kam ba a ba da labari. Dole sai an yi dabarar da bakin batirin zai zama matacce muddin yana hannun mutum, sai ya zauna a gurbinsa ƙwaƙwalwar babur ta tabbatar sannan ta buɗe masa hanya, kuma ko buɗewar ma a hankali ake fara ta ta cikin wata 'yar turjiya, in ba haka ba na'urar da ke sarrafa injin za ta zuƙi wuta lokaci ɗaya ta ƙona bakin. Sai kuma rigimar cajin da bai zo ɗaya ba. Ka haɗa cikakken akwati da wanda ya yi rabi gefe da gefe, cikakken zai juye wa ɗan'uwansa wuta da ƙarfin tsiya ba tare da ya tambaye ka ba. In kuma a jere ka haɗa su kamar carbi, to mafi rauni shi ne sarki, yana ƙarewa kowa ya tsaya. Kenan kowane akwati sai an ba shi 'yar ƙwaƙwalwarsa, wadda muke ce wa BMS, kuma sai sun iya gaisawa da juna da babur ɗin.

Sannan nauyi. Duk akwatin da za a cire da hannu sai an yi masa jiki mai ƙwari da mariƙi da makulli, shi ma gurbin sai an yi masa nasa ƙarfen, duk wannan kilo ne da ba ya riƙe ko ɗigon wuta. Ɗan tsere kuwa giram ɗaya ma faɗa yake a kai. Shi ya sa da aka zo gasar baburan lantarki ta MotoE, wadda aka fara a 2019 a gefen MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, babu wanda ya bi hanyar cire-ka-saka. Babur ɗin da Ducati ya kawo daga 2023, V21L, nauyinsa kilo 225, a ciki batir kaɗai kilo 110 ne, ƙwayoyi 1,152, kilowat-awa 18, kuma maimakon a yi firam a zura batir a ciki, kwandon batirin ne da kansa ya zama ƙashin bayan babur ɗin, gaba da baya duk a jikinsa suke ɗaure. Ka cire shi ka raba babur gida biyu. Ga kuma bututun ruwan sanyaya da ke ratsa shi, wanda in da cirewa ake yi shi ma sai an san yadda za a raba shi ba tare da ruwa ya zuba a kan bolt 800 ba. Duk da haka zagaye bakwai ko takwas suka riƙa yi a tashi, har aka dakatar da gasar a ƙarshen 2025. Kwatanta da na MotoGP mai fetur da dokarsa ta ce kada ya gaza kilo 157. Masu tseren motocin lantarki na Formula E ma da suka fara a 2014 batirinsu ba ya kai su ƙarshe, ba su ce a canza batir ba, mota biyu aka ba kowane direba, a tsakiyar tsere ya shigo ya fito a guje ya faɗa ɗayar, haka suka yi ta yi har 2018. Manyan injiniyoyi da kuɗi kamar ƙasa sun ga ya fi sauƙi a canza mota sukutum da a canza batirinta, wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Na so in tsallake maganar gobara amma ba zai yiwu ba. A watan Maris na 2019, kafin ma a yi tseren MotoE na farko, wuta ta tashi cikin dare a rumfar da ake cajin baburan a filin Jerez na ƙasar Sifen, baburan 18 duka suka ƙone ƙurmus, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, sai a watan Yuli aka samu fara gasar a Jamus. Duk wanda zai tara batiran litiyam da yawa a wuri ɗaya yana caji, kuma tsarin musanya dole ya sa ka tara su, to ya riƙe wannan labarin.

Kada a ce na zo kashe wa yaro gwiwa. Musanyar batir tana aiki, kawai dai ba a filin tsere ta fi amfani ba. Ɗaliban jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan sun ƙera babur mai suna STORM Wave, batirinsa gida 24 ne kamar saƙar zuma, kilowat-awa 28.5, yana yin kilomita 380 kafin ya nemi caji, a 2016 suka zagaya duniya da shi cikin kwana 80. 'Yan makaranta fa. A Taiwan kamfanin Gogoro tun 2015 ya kafa rumfunan batir a bakin titi, ka tsaya ka zura naka biyu da suka ƙare wasu biyu cikakku su leƙo ka ɗauka, nan da nan an gama. A Kigali ta Ruwanda masu acaba suna yin haka da baburan Ampersand. Me ya sa ya yiwu a can? Saboda ƙaramin babur na gari wutar da yake ja kaɗan ce, batirin Gogoro wajen kilo goma ne, kuma ba wanda zai yi kuka don an ƙara masa kilo biyu na ƙarfe. Har Honda da Yamaha da KTM da Piaggio, waɗanda kowa ke kishin kowa, sai da suka zauna a 2021 suka kafa ƙungiya don a samu batir mai girma ɗaya da baki ɗaya da zai shiga babur ɗin kowa. Ka ga su ma a bakin haɗin suka tsaya. Duk wanda ya yi zamanin da kowace wayar hannu da irin cazarta ya san dalili.

Abin da yake ɗan ɓata min rai, Malam Edita, shi ne yadda muke nuna irin wannan aiki a nan. Sau nawa ake kawo hoton matashi ya ƙera mota ko babur mai lantarki, an sha fenti an saka fitilu, ana ta tafi ana cewa gwamnati ta taimaka, amma ba mai cewa buɗe mu ga batirin. In ka buɗe sai ka tarar da waya an murɗe da hannu an naɗe da salatif. Ban raina ƙoƙarinsu ba, nima daga nan na taso, amma tambayar da ya kamata ɗan jarida ya yi ita ce sau nawa aka cire aka mayar kafin bakin ya fara zafi, ya yake yi a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri alhali litiyam ba ya son zafi, ya ƙurar hunturu take yi masa in ta shiga tsakanin tagulla da tagulla, ruwan damina fa, ramin titi fa. Bature ya gwada nasa a kan dutsen Isle of Man cikin sanyi, namu gwajin daban ne, kuma babu wanda zai zo ya yi mana shi. Malaman kwalejojin fasaha da ke ba ɗalibai aikin kammala karatu, da za su ce wa rukuni guda ku bar babur ɗin gaba ɗaya, ku ƙera min gurbi da baki kawai, ku ɗora shi a kan abin girgiza ku sa masa amfiya 100 na awa guda ku auna zafinsa, wallahi da an fi ƙaruwa da wannan fiye da mota goma masu fenti.

Shi ƙanen namu na faɗa masa ya zo shago ranar Asabar. Narkakken bakin nan yana nan na rataye shi a ƙusa saman teburin aikina, shi zan fara miƙa masa ya juya shi a hannunsa. Akwatuna biyun ma suna nan da ransu, na samo sabon baki mai sifirin a ciki irin na manyan injinan ɗaga kaya, saura in samu mai injin gyaran ƙarfe da zai fitar min da gurbin da ba zai yi wasa ba ko an faɗa rami, don na mai waldan nan akwai 'yar tazara da nake zargin ita ta fara jawo min.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai haɗa sola da inbata, daga Kano